Rabbi da barewa a Masai Mara: ta ina ya kamata a yanke hoton nan?

Nasiru Gwale: Assalamu alaikum jama'a. Ga hoto guda na kawo shi iri uku, ina neman shawararku kafin in kai a buga mini babba. A gandun dajin Masai Mara na ƙasar Kenya na ɗauke shi da hantsi. Rabbi ne, siririn nan mai kama da damisa, mai baƙin zane daga ido zuwa gefen baki, ya biyo barewa irin ƙananan nan masu baƙin layi a haƙarƙari. Barewar tana gaba ta hagu, shi yana binta ta dama, tsakaninsu bai fi taku goma ba.

Na farko shi ne yadda ya fito daga kyamara, ban taɓa komai ba, har da motocin 'yan yawon buɗe ido da suka yi layi a can sama. Na biyu na yanka shi a tsaye, rabbin kaɗai, daga fuska zuwa ƙafafun gaba. Na uku na matse su biyun sosai don su cika firam. Wanne kuka gani?

Isyaku Kawo: Wa alaikumus salam Yaya Nasiru. Na biyu, babu wata tantama. Dubi idon nan, dubi yadda ƙura ta tashi a ƙarƙashin ƙafarsa. Yau a waya ake kallon hoto, kuma Instagram hoton tsaye yake ba wa fili. In ka saka na farkon, dabbobin za su koma ƙanana, mutum ya wuce bai ma tsaya ba.

Malam Habu Zariya: Wa alaikumus salam. Nasiru, barka da dawowa, Allah ya sa albarka a wannan aiki. Isyaku ɗana, na biyun yana da kyau, amma ba hoton farauta ba ne. In an cire barewar me ya rage? Rabbi yana gudu, shi ke nan. Kamar ka ɗauki ɗan dambe ya kai naushi ne ka yanke abokin karawarsa: za a ga ƙwanji, ba za a ga dambe ba.

Abin da ke sa gaban mai kallo ya faɗi a irin wannan hoto shi ne tazarar da ke tsakanin dabbobin biyu. Ciyawar nan da babu komai a cikinta, taku goman da Nasiru ya ambata, ita ce ke tambayar mai kallo: zai cim mata ko ba zai cim mata ba? Duk yankan da ya cinye wannan fili ya cinye tambayar.

Na uku kuwa ya bar tazarar, amma yana da matsala biyu. Hancin barewar ya kusa taɓa gefen hoton, ke nan ka toshe mata hanya. Dabbar da ke gudun ceton rai tana bukatar fili a gabanta, aƙalla tsawon jikinta, in da hali ma ninki biyu. Idon mai kallo yakan riga dabbar zuwa inda ta nufa, in ya ci karo da bango sai ya dawo da baya, gudun ya mutu. Sannan ka gutsure bakin jelar rabbin. Ko dai jela ta shigo gaba ɗaya, ko a yanke jiki da gangan a wurin da kowa zai san da niyya aka yi. Haka ƙafa: ba a yanke ta a gwiwa ko a idon sawu.

Zainab Bauchi: Malam ya yi gaskiya a kan jelar, kuma ba batun ado kawai ba ne. Da jelar nan rabbi yake daidaita jikinsa in zai karya kwana. Ku duba na farkon, ta karkata gefe guda, alamar barewar ta fara kaucewa shi kuma yana shirin binta. Barewa ba ta fin rabbi gudu a miƙe, don shi yakan kusanci kilomita 100 a awa, amma ba ya jurewa, yawanci kafin minti guda ya sare. Dabarar barewa ita ce ta riƙa karya kwana har ya gaji. Wanda ya san dabbobin, daga jelar nan zai karanta abin da ke faruwa.

Isyaku Kawo: Anti Zainab, to amma mutum nawa ne suka san haka? Yawancin masu kallo ido suke nema da haƙora.

Zainab Bauchi: Ai ta hoto irin wannan za su sani, Isyaku. In kullum fuska muke ba su, fuska kaɗai za su iya kallo.

Hajiya Binta Abuja: Sannunku. Nasiru, kyamararka megafiksel nawa ce, kuma girman da za ka buga fa?

Nasiru Gwale: Hajiya, 24 ce. Gilashin mai jawo nesa ne, mai milimita 400. Ina son faɗinsa ya kai inci 20.

Hajiya Binta Abuja: To bari mu yi lissafi. Megafiksel 24 na nufin fiksel 6000 a kwance, 4000 a tsaye. Ko da tsayin hoton gaba ɗaya ka ɗauka ka yi yankan tsaye na 4 da 5, faɗin da zai rage maka 3200 ne, ka zubar da 2800, kusan rabi. Kai kuwa na biyun naka ya fi haka matsewa nesa ba kusa ba. A ƙiyasina faɗinsa bai wuce fiksel 1500 ba. In aka buga da fiksel 300 a kowane inci, wanda shi ne ma'aunin bugu mai kyau, inci 5 ke nan. Ka ja shi zuwa inci 20, gashin fuskar nan da Isyaku yake yabo zai dagule ya zama dishi-dishi. A waya ba za a gane ba, a bango kowa zai gani.

Ni shawarata ba ta cikin ukun. Ka bar faɗin gaba ɗaya, 6000 ɗin nan, ka rage sama da ƙasa har tsayin ya koma 3000, wato faɗi ya ninka tsayi. Hoton zai yi tsawo a kwance yadda gudun yake, tazarar tana nan, filin gaban barewa yana nan, jela ta shigo, kuma inci 20 ɗinka ya fita daidai ba tare da an ja komai ba. Ka fi rage saman, ka bar ciyawa kaɗan a ƙarƙashin ƙafafunsu don kada su zama kamar a kan gefen takarda suke gudu.

Malam Habu Zariya: Madalla Hajiya. Abin da zan ƙara, Nasiru, kada layin da ƙasa ta haɗu da sama ya ratsa ta kan dabba ko ta bayanta. A naka ya wuce can sama da su, ka tsira. Daga tagar mota ka ɗauka ko ta rufi?

Nasiru Gwale: Ta taga Malam. Na ɗora gilashin a kan jakar wake.

Malam Habu Zariya: Shi ya sa. Wanda ya miƙe ta rufin mota daga sama yake kallon dabba, sai ta manne da ƙasa, bayanta duk ciyawa. Wanda ya sauko kusa da tsayin idonta shi ke samun bayan hoto mai laushi, dabbar ta fito fili. Wannan ba a gyara shi da yanka, a daji ake yanke shawararsa.

Isyaku Kawo: Na ji batun bugu. To in za a bar shi a kwance, ni ina ganin a juya shi, barewar ta koma tana gudu zuwa dama. A darussan da nake bi an ce ido daga hagu yake tafiya zuwa dama, gudu ta wannan fuskar ya fi daɗin kallo.

Mamman Damagaram: Salamu alaikum. Isyaku, wannan ka'ida ta waɗanda suka buɗe ido da boko ce. Mu da muka fara da allo, daga dama muka koyi bin layi, kuma har yau ni hoton da ke tafiya hagu bai taɓa yi mini nauyi ba. Miliyoyin masu karanta Larabci da ajami ma haka. A bar dabba ta gudu inda ta gudu.

Zainab Bauchi: Akwai ma dalilin da ya fi wannan. Ɗigon jikin kowane rabbi daban yake da na ɗan'uwansa, kuma na gefen dama daban da na hagu. Da ɗigon nan masu bincike suke gane su ɗaya bayan ɗaya. In ka juya hoto, ka mayar da haƙarƙarin hagu ya zama na dama, ka ƙirƙiro dabbar da babu ita. Ƙiyasin da aka fitar a ƙarshen 2016 ya ce rabbin da ya rage a daji a duniya kusan 7,100 ne. Kowane hoto mai kyau na gefen jiki shaida ce, bai kamata a lalata ta ba.

Amma ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Yankan da Hajiya ta ba da shawara zai fitar da motocin nan daga hoton. Na ƙirga bakwai a na farkon. Ni ban yarda a fitar da su ba.

Hajiya Binta Abuja: Na san za a zo nan. Faɗi dalilinki, ƙanwata.

Zainab Bauchi: Hajiya, rabbi da rana yake farauta, ba kamar zaki da kura da suka fi aiki da dare ba. Ke nan lokacin neman abincinsa shi ne lokacin da motoci suke yawo. In suka kewaye shi, sukan tsorata abin da yake fako, su tare masa hanya, ko taronsu ya jawo hankalin kura ta zo ta ƙwace abin da ya kama. Wata mai binciken rabbi, Femke Broekhuis, ta wallafa bincike a 2018 a kan yankin Mara ɗin nan, ta gano cewa matan rabbi da ke wuraren da 'yan yawon buɗe ido suka yi yawa ba sa iya rainon 'ya'ya su kai girma kamar waɗanda ke wuraren da motoci ba su da yawa, kuma bambancin mai girma ne. To in kowane mai hoto ya dawo ya yanke motoci, duniya za ta ci gaba da ganin dajin da babu kowa sai dabba da ciyawa, alhali ba haka yake ba. Mutum ya gani ya yi sha'awa, ya je ya zama mota ta takwas.

Malam Habu Zariya: 'Yata, maganarki tana da nauyi, kuma ban musa binciken ba. Amma ki duba: babu hoton da ba yankakke ba. Tun lokacin da Nasiru ya ɗora gilashi mai milimita 400 ya riga ya yanke kusan duk dajin, ya bar ɗan yanki. Motar da yake ciki ma ba ta fito ba. Da gilashinsa mai 600 ne, motocin nan ba za su shigo ba tun farko, kuma babu wanda zai ce ya ɓoye wani abu. Me ya sa abin da gilashi ya yi ya halatta, abin da aka yi a kwamfuta ya zama laifi? Sannan a hoton farko farin motocin ya fi komai haske, ido can yake fara zuwa kafin ya sauko kan dabbobin. Hoto ba ya ɗaukar labari biyu masu ƙarfi ɗaya. In labarin motoci ake so, sai a ɗauki gilashi mai faɗi, a sa rabbin ƙarami a tsakiyar da'irar motoci. Wannan hoto ne daban, kuma ya cancanci a ɗauke shi.

Zainab Bauchi: Malam, ai matsalar ke nan, ba a ɗaukarsa. Kowa na farkon yake kawowa gida.

Adamu Njamena: Gaisuwa ga manya. Ina bin maganar tun ɗazu. Abin da Malama Zainab take faɗa ya danganta da wuri. Mu nan Chadi, a gandun dajin Zakouma, wanda ƙungiyar African Parks take kula da shi tun 2010, a ƙarshen rani ruwa yakan janye sai 'yan tafkuna, ɓauna su taru garke-garke, zakuna su zauna a gefe suna jira. Baƙi ba su da yawa, sau da dama motarku ce kaɗai a wurin. In na kawo hoton da babu mota, gaskiyar wurin ke nan. A Mara kuwa hoto iri ɗaya yana iya zama rabin gaskiya.

Kuma a hoton zaki da ɓauna ni ban cika matsewa ba sam. Ɓauna ba barewa ba ce, takan juyo, garke yakan dawo ya kori zaki. In ka yanke ka bar zakanya da ɗan maraƙin da ta ware, ka nuna kamar magana ta ƙare, alhali manyan bijimai suna nan tafe a gefen da ka zubar. Wani lokaci abin da zai sauya labarin yana can bakin firam.

Hajiya Binta Abuja: Adamu ya taɓo inda nake so in je. A aikin jarida ka'idar da muke bi ita ce: yanka ya halatta muddin bai sauya ma'anar abin da ya faru ba. Gogewa kuwa, wato a sa kwamfuta ta shafe mota ta cike gurbin da ciyawa, wannan haramun ne a wurinmu. Gasar Wildlife Photographer of the Year da gidan tarihin halittu na Landan yake shiryawa ita ma a nan ta ja layi: an yarda ka yanke, ba a yarda ka ƙara ko ka cire wani abu daga cikin hoton ba, kuma sukan nemi ɗanyen fayil, wato hoton yadda ya fito daga kyamara, su gwada. Ba sa wasa da batun gaskiya. Wanda ya ci gasar a 2009, José Luis Rodríguez, da hoton kyarkeci yana tsallake ƙofar shinge, an karɓe kyautar a farkon 2010 bayan alƙalai sun gamsu cewa dabbar ta gida ce da aka horar, duk da shi ya musa.

To tambayar ita ce, cire motocin Nasiru ya sauya ma'anar farautar? In motocin ne suka sa barewar ta tashi, ko suka tare wa ɗayansu hanya, to suna cikin labarin, yanke su ɓoye shaida ne. In suna can nesa ne kawai suna kallo, yanke su gyaran hoto ne. Nasiru kaɗai ya san amsar. Mutane suna cewa gani ya kori ji, shi ya sa nauyin yake kan wanda ya nuna.

Nasiru Gwale: Hajiya, ga yadda aka yi. Motocin da suka fito a hoton suna kan hanya can ƙetare, ba su motsa ba har aka gama. Amma kafin gudun ya fara, akwai wasu biyu ta ɓangarenmu da suka matsa kusa da shi yana laɓe, har barewar ta ɗaga kai. Ina jin shi ya sa ya taso da wuri, tazarar ta yi masa yawa. Bai kama ta ba. Ta karya kwana sau biyu, ya tsaya yana haki.

Zainab Bauchi: Ka ji ko. Ke nan tazarar nan da Malam ya ce ita ce hoton, da hannun mutane a cikinta.

Malam Habu Zariya: Haka ne 'yata, kuma wannan ya ƙara mata daraja a wurina. Sai dai ki lura, motocin da suka yi ɓarnar ba su ne a hoton ba. In an bar bakwai ɗin can, an ɗora laifi a kan waɗanda suka tsaya inda ya kamata. Abin da ya faru a bayan kyamara, rubutu ne kaɗai zai iya faɗinsa.

Mamman Damagaram: Ni dai da na ji bai kama ta ba, sai hoton ya ƙara yi mini kyau. Hotunan farauta da suka fi zama a zuciya ba na jini ba ne. Ku nemi wanda Yongqing Bao ya ci gasar Landan ɗin da shi a 2019, daga tsaunukan Qilian na ƙasar Sin: wata dilar tsaunin Tibet ta yi arba da wata dabba mai kama da ƙaton kurege, ita kuma ta miƙe tsaye a firgice, baki buɗe. Babu cizo, babu jini, dabbobin biyu cikakku a cikin firam, da ɗan fili tsakaninsu. Da ya matse a kan fuskar dilar kaɗai, da babu wanda zai tuna da hoton.

Isyaku Kawo: Na duba shi yanzu Baba Mamman, gaskiya ne. Amma har yanzu matsalata tana nan: hoton da faɗinsa ya ninka tsayi, a waya siririn zare zai zama. Ya za a yi da shi?

Hajiya Binta Abuja: Ka sa shi a farin fili mai 4 da 5, hoton a tsakiya, rubutu a ƙasa. Ko ka bar shi a kwance mai kallo ya juya wayarsa. Abin da ba zan so ba shi ne a raba shi gida biyu a ce a ja da yatsa, don rabuwar za ta faɗo daidai kan tazarar, rabbi a shafi ɗaya barewa a wani. Na biyun naka kuma ba a hana shi fita ba, ya biyo baya a matsayin ƙarin kallo, ba shi ne kan gaba ba.

Malam Habu Zariya: Isyaku, kuma ba sai ka je Kenya za ka koyi wannan ba. Shirwa da 'yan tsaki suna nan a unguwa, ƙadangare da fara suna jikin katanga. Ka ɗauka da faɗi fiye da yadda ranka yake so, ka sa saurin ɗauka ya kai kashi ɗaya cikin 2000 na daƙiƙa in akwai haske, ka bar fili ta inda abin da ake bi zai gudu. Fili in ya yi yawa ana rage shi a gida, in babu shi ba a ƙirƙiro shi.

Nasiru Gwale: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Ga na huɗu na saka yanzu, yadda Hajiya ta ce: faɗin gaba ɗaya, na rage sama sosai da ƙasa kaɗan, ban juya ba. A ƙarƙashinsa zan rubuta wuri da wata, in faɗi cewa an yanke motoci bakwai daga saman hoton, wasu biyu kuma sun matsa wa rabbin kafin ya taso, kuma barewar ta tsira. A intanet zan sa na farkon a bayansa don kowa ya gani.

Zainab Bauchi: Rubutun ya yi, Yaya Nasiru, ko da yake ni da na farkon zan sa a gaba, don rubutu yakan rabu da hoto in an fara tura shi a WhatsApp. Wata alfarma kuma: in kana da wanda gefen jikinsa ya fito sosai lokacin da ya tsaya yana haki, kada ka yanke shi ko kaɗan. Ka haɗa da ranar da wurin ka aika wa masu shirin kare namun daji na Mara Predator Conservation Programme, suna bibiyar rabbin yankin ɗaya bayan ɗaya.

Nasiru Gwale: Akwai, na gefen hagu, har jela. Zan nemo shi a katin in aika musu yau da daddare in sha Allahu.